Bindigar Ɗan Tasawa

Dawuda ya shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tasi a Makka, bai taɓa harba bindiga ba ko sau ɗaya. Amma duk wanda ya shiga majalisarsa a unguwar Hindawiyya, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne bindigogi tara jere a bango, kowace kwance kan ƙusoshi biyu da aka naɗe da ƙyalle. Dukansu gajeru ne, irin waɗanda Turawa suka ƙera wa sojojin doki don kada tsawo ya dame su a kan sirdi. Dogaye ba sa burge shi. Yakan ce doguwar bindiga ta mai gadin ƙofa ce, gajeriya kuwa ta matafiyi.

Babu mai tashi a cikinsu. An toshe musu ciki da dalma tun kafin su shigo gidan, kuma kowace tana da tasarihinta, wato takardar izinin hukuma, a cikin wata jaka da ba ya bari ƙura ta hau. Makka ba garin makami ba ne, shi ma ya sani. In baƙo ya ɗan tsorata sai ya ce masa, "Kwantar da hankalinka, ya shehi. Tsofaffi ne da suka yi ritaya kamar ni."

Bayan la'asar, in rana ta ɗan saki gari, yakan sauko da ɗaya ya ɗora a cinya, ya ɗiga mai a tsumma yana shafawa a hankali. Akwai ta Jamus mai hatimin jinjirin wata na Turkawa. Akwai ta Ingila wadda Larabawa ke kira Sam'a. Akwai ta Italiya da aka ce ta ƙetaro teku ta bi ta Yaman. Yana shafa ƙarfen sai hankalinsa ya tafi. Ya ga wani gari mai sanyi da hayaƙi, ya ga maƙera da jajayen hannuwa, ya ga akwatunan katako a cikin jirgin ruwa suna gogar juna. Har ya ji warin gumin doki. Shi da bai taɓa wuce Riyad ba, wanda kakansa ya taho daga Kano a ƙafa amma shi bai taɓa ganin Kano ba, sai ya yi tafiyar wata shida yana zaune kan darduma, shayinsa ya huce bai sani ba.

Matarsa Ruƙayyatu ta saba. In ta leƙo ta gan shi haka sai ta ce, "Abu Sami, yau kuma wace ƙasa ake?" Ta ɗauke kofin ta kawo mai zafi.

Wata Asabar da hantsi Majid ya kira shi daga Ɗa'if. Majid dillalin tsofaffin kaya ne, mai shago cike da butocin gahawa da takubba da tsofaffin ƙofofi, kuma rabin bindigogin Dawuda ta hannunsa suka biyo.

"Akwai wata ta Faransa da ta shigo mini," in ji Majid. "Gajeriya, irin taka. Amma ba ita ce labarin ba. Akwai rubutu a jikinta, haruffanmu ne, amma ba Larabci ba ne. Na nuna wa liman, na nuna wa Baturke, na nuna wa wani ɗan Fakistan mai ɗinki, babu wanda ya gane. Zo ka gani."

Dawuda ya hau hanyar dutsen Hada bayan azahar. Hazo ya sauko a ranar, motar tana shiga cikinsa tana fita, birai zaune a bakin titi suna kallon masu wucewa kamar dattawan unguwa. Ya isa shagon kunnensa a toshe saboda hawan.

Majid ya warware wani tsohon bargo a kan tebur. Bindigar ba ta fi tsawon hannun mutum da rabi ba, katakonta ya yi baƙi saboda tsufa, yana da wani tudu a ƙasa kamar cikin akuya. A jikin ƙarfen akwai sunan garin da aka ƙera ta da shekarar 1917. Dawuda ya juya ta. A gefen ƙotar, inda kumatun mai harbi ke kwanciya, wani ya sassaƙa layi biyu da bakin wuƙa. Rubutun a karkace yake, amma an yi shi da haƙuri, har da wasula.

Ya ɗaga ta wajen haske, ya yi ta haɗa haruffan, ba su ba shi komai ba. Karatunsa na makarantar gwamnati ne, Larabci zalla. Amma wani abu a yadda aka ɗiga ɗigon ya tuna masa da tsofaffin takardun da kakar Ruƙayyatu ke rera waƙoƙin wa'azi daga cikinsu. Sai ya ɗauki hoto ya tura gida.

Ba a daɗe ba saƙon murya ya shigo. Ya kunna, Majid yana saurare.

"Abu Sami, ai wannan Hausa ce. Ajami ne, irin na Iya. Na sama ya ce, Mainasara ɗan Jibo na Tasawa. Na ƙasa ya ce, Gabas na nufa."

Dawuda ya sake kunnawa. Ya kuma kunnawa karo na uku. Sannan ya zauna a kan wani akwati ba tare da ya duba ko da ƙura ba.

"Me ta ce?" in ji Majid.

Ya fassara masa. Majid ya shafa gemu, ya ce, "Subhanallah. Ashe ɗan'uwanka ne." Ya ce magadan wani gida ne a wani ƙauye bayan garin Lith, can bakin teku ta kudu, suka kawo ta tare da tarkacen kakansu.

Majid bai so rabuwa da ita ba sai da musanya. Ya nemi ta Jamus da ta Ingila, su biyun da Dawuda ya fi ji da su. Dawuda bai ja ba. Aka yi sati uku ana gyara takardu, sannan ya kawo ta gida.

Ita dai wannan ba ta kai shi garin sanyi da maƙera ba. Duk ranar da ya ɗora ta a cinya sai ya ga mutum ɗaya, daga baya, yana tafiya cikin fili, rana tana fitowa a gabansa. Wani lokaci dogo ne, wani lokaci gajere. Bai taɓa juyowa ba. Dawuda ya bi shi ta garuruwan da kakansa ke ambata, Fort Lami, Abeshe, Fashir, ya ga yana noma wa wani auduga don ya samu guzuri, ya ga yana kwance a inuwar tashar jirgin ƙasa. Daga nan sai hoton ya watse.

Ruƙayyatu ce ta katse masa wannan. Ta shigo wata rana ta zauna, abin da ba ta cika yi ba a majalisar.

"Kullum kana zaune kana ƙirƙira masa hanya," ta ce. "Mutum ne fa. Uwa ce ta haife shi, wataƙila ya bar 'ya'ya. Tasawa kuma ba a sama take ba. Ga Hadi nan kuna salla sahu ɗaya."

Hadi ɗan Nijar ne, mai shekara arba'in da wani abu, direban motar alhazai. In aikin hajji ya wuce, shi da abokan aikinsa ke kula da motocin a wani fili kusa da Muzdalifa. Garinsu bai da nisa da Tasawa. Bayan sallar Juma'a Dawuda ya ja shi gida ya nuna masa. Hadi ya daɗe yana kallon rubutun bai taɓa ba.

"Baba, Jibo da yawa a ƙasarmu," ya ce. "Amma bari in sa hoton a zauren mutanen Tasawa na waya. In da rabo wani zai gane."

Sati biyar babu labari. Dawuda har ya fara jin kunyar tambaya. Sai wata Laraba da safe Hadi ya kira ya ce ya zo filin motoci, akwai wata tsohuwa da ke son magana da shi, kuma jikanta ya ce sai da rana take da ƙarfi.

Muzdalifa ba lokacin hajji ba wani wuri ne daban. Fili fetal, dogayen turakun fitilu tsaye babu kowa a ƙarƙashinsu, iska tana kaɗa leda ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Motoci ɗaruruwa jere, farare, ƙofofinsu a rufe. Hadi ya buɗe ɗaya suka shiga suka zauna a kujerun gaba, ya jingina wayar a gilashi.

Fuskar da ta bayyana ƙarama ce, ta tattare, da zane a kumatu. Tana zaune kan tabarma a gindin bishiyar dogon yaro, ana jin kukan zabi a bayanta. Jikan ya ce sunanta Nuriyya, shekarunta sun kusa casa'in.

"Ina wuni, Inna," in ji Dawuda.

"Lahiya lau, ɗana. Kai ne mai bindigar babana?"

Ya ce shi ne. Ya ɗaga hoton a tasa wayar ya nuna mata. Ta matso da ido har goshinta ya cika gilashin, sannan ta koma.

Ta ba da labarin ba tare da gaggawa ba, tana tsayawa tana haɗiyar yawu. Mahaifinta sojan raƙumi ne na Faransawa. Wata shekara da fari ya yi tsanani aka tura su karɓar hatsi a wani ƙauye, ya ga abin da ke cikin rumbunan ba zai kai mutanen kaka ba, ya ƙi sa hannu. Aka ce za a ɗaure shi. Ya zo gida da tsakar rana, ya ci tuwo, ya ɗora ta a kan raƙumin ya zagaya da ita rijiya sau ɗaya. Tana da shekara shida. Ta ce har yau tana tuna yadda ta hango rufin ɗakinsu daga sama. Ya sauke ta, ya yi magana da uwarta a bayan danga, ya tafi.

"Wasu sun ce ya yi aure a Sudan ya manta da mu," ta ce. "Wasu sun ce Turawa sun kama shi a hanya. Innata kuwa har ta rasu cewa take ya isa, shina can kusa da Ɗaki. Yara na yi mini ba'a, suna ce mini ɗiyar Alhajin da ba a gani ba." Ta yi ɗan murmushi. "To kai da kake can, gaya mini. Ya isa?"

Dawuda ya dubi layin motocin ta gilashi. Ya so ya ce mata eh. Kalmar har ta zo bakinsa.

"Ban sani ba, Inna," ya ce. "Amma na san inda zan tambaya."

Majid ya ba shi lambar magadan da kwatancen ƙauyen. Ranar Asabar bayan sallar asuba suka kama hanyar kudu shi da Ruƙayyatu, wadda ta ce ita ta karanta sunan, don haka ba za a bar ta a gida ba. Duwatsun Makka suka koma baya, ƙasa ta baje, ta yi fari. Can sai teku ya fara leƙowa ta dama, wani siririn zare mai sheƙi da ke ɓacewa ya dawo. Zafi yana rawa a kan kwalta har raƙuman da ke nesa suka zama kamar suna tafiya a kan ruwa.

Ƙauyen gidaje ne kamar ashirin da masallaci ɗaya da jiragen kamun kifi a kife. Wanda ya karɓe su wani dattijo ne mai suna Talal, ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya yi fari. Aka shigar da Ruƙayyatu wajen mata, aka kawo wa Dawuda gahawa da dabino. Sai da aka sha kofi uku sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Bindigar Takruni," in ji Talal, yana gyaɗa kai, da sunan da Larabawa ke kiran baƙaƙen da suka taho daga yamma. "Haka muke kiranta tun muna yara. Ban so yaran nan suka fitar da ita ba."

Ya ce shi bai ga mutumin ba, kafin a haife shi ne, amma mahaifinsa ya ba da labarin sau da yawa har ya zama kamar ya gani. A zamanin, jiragen katako kan sauke masu niyyar hajji a wannan gaɓar a ɓoye, su ƙarasa a ƙafa. Wata safiya mahaifinsa ya fito duba taru ya tarar an sauke mutane kamar talatin. Suka sha ruwa suka kama hanya, suka bar ɗaya kwance a yashi, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa. Dogo ne, baƙi, da tabon sirdi a ƙafafu. Mahaifin Talal ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi bukka.

"Kwana goma sha ɗaya ya yi a wurinmu. Larabcinsa kaɗan ne. Kullum in ya farfaɗo tambaya ɗaya yake yi, saura kwana nawa a isa Makka. Babana ya ce masa biyar. Bayan kwana biyu ya sake tambaya, sai babana ya ce huɗu, don ya ji daɗi. Haka ya yi ta rage masa."

Dawuda ya ajiye kofinsa.

"Ranar da aka ce masa saura ɗaya, ya sa aka warware tabarmarsa. Bindigar na ciki, a kwance gida biyu. Ya ba babana. Akwai kuma fararen mayafai biyu sababbi da ya tanada don harami. Da ya cika, a cikinsu aka yi masa sutura. Maza bakwai ne a ƙauyen a lokacin, su bakwai ɗin suka yi masa salla."

Talal ya ɗauki sandarsa ya ce su je. Ruƙayyatu ta biyo su daga baya ta tsaya daga nesa. Maƙabartar tana bayan gari, babu katanga, duwatsu ne kawai a kan yashi. Dattijon ya wuce da dama bai duba ba, ya tsaya a gindin wata bishiyar ƙaya mai faɗin kai, ya nuna dutse biyu da sanda.

Dawuda ya yi sallama ga mai kabarin da Larabci kamar yadda aka koya masa. Iska tana kawo warin gishiri. Ya lissafa hanyar da suka biyo da safe, awa biyu da 'yan mintoci, tafiyar da a da yakan yi da fasinja ya dawo kafin azahar. Sai ya ji bakinsa yana magana da Hausa, irin ta gidan kakansa wadda ya daɗe bai yi ba tsantsarta.

"Mainasara, ɗiyarka Nuriyya tana gaishe ka. Tana nan da rai. Ta tsufa, tana da jikoki."

Ya yi addu'a, suka juya.

Talal bai bar su sun tafi ba sai da suka ci shinkafa da kifi. A hanyar dawowa, da suka kusa Yalamlam, miƙatin da masu zuwa daga kudu ke ɗaukar harami, Dawuda ya rage gudu, ya sake ƙarawa, ya kuma ragewa.

"Da na sani da na taho da mayafaina," ya ce.

"Suna bayan mota," in ji Ruƙayyatu. "Tun asuba na sa su."

Ya dube ta. Ita kuwa titi take kallo.

Ya yi wanka a miƙatin, ya ɗaura mayafan, ya yi salla. Da ya zo niyya ya ambaci sunan a fili, umara a madadin Mainasara ɗan Jibo. Suka shiga mota yana talbiya.

Sun shiga Masallacin Harami rana tana gab da faɗuwa, tsuntsaye suna kewaya sama. An haifi Dawuda tafiyar rabin awa daga nan, ya yi ɗawafin da shi kansa bai san adadinsa ba, har ya kai yakan yi shi hankalinsa na kan cunkoson hanya. Ran nan kuwa da ya ɗaga ido ya ga Ka'aba sai ƙafarsa ta tsaya. Ya ga baƙin ƙyallen da zaren zinariyar kamar bai taɓa gani ba, kamar wanda ya shekara biyu yana tafiya. Mutane suna gogarsa suna wucewa. Ruƙayyatu ta taɓa gwiwar hannunsa, suka shiga cikin taron. Marmarar tana da sanyi a tafin ƙafarsa. Bai yi sauri ba, kuma bai yi tunanin komai ba sai lissafin zagayen, kada ya rage wa mutumin ko ɗaya.

Washegari da hantsi, kansa a aske, ya koma filin motoci. Hadi ya kira Tasawa. Aka ɗan jira kafin a fito da tsohuwar a zaunar da ita a tabarmarta.

Dawuda ya gaya mata duka, bai ƙara ba bai rage ba. Ya gaya mata bai isa ba. Ya gaya mata inda ya tsaya, da wanda ya ɗauke shi a kafaɗa, da mayafan, da abin da shi ya yi jiya da sunansa.

Ta kama bakin mayafinta ta goge ido ɗaya, sannan ɗayan.

"Mutum nawa ka ce sun yi mishi salla?"

"Bakwai, Inna."

"Bakwai." Ta lanƙwasa yatsunta tana ƙirgawa a hankali. "To, ba a yashe shi ba. Kuma bai yi wani aure ba."

"Bai yi ba, a iya abin da aka sani."

"Allah Shi jiƙan wannan Balaraben. Kai kuma Allah Shi ba ka wanda zai yi maka."

Hadi ya ce amin, yana kallon waje. Dawuda ya ce mata ya so ya aiko mata da bindigar, amma doka ba za ta bari ta ƙetare iyaka ba.

"Mi zan yi da bindiga, ɗana? Bar ta nan wurinka." Ta juya ta yi kira, sai ga mata da matasa suna taruwa a bayanta, wasu a tsaye wasu a durƙushe, har fuskokinsu suka cika gilashin. "Waɗannan duk jininsa ne, ba su san komi ba sai abin da mutane ke faɗi. Sake faɗa musu tun daga farko. Kada ka yi sauri, wannan yarinyar za ta rubuta."

Dawuda ya sha ruwa, ya gyara zama a kujerar, ya fara daga safiyar da mai taru ya fito bakin teku.